Ƙarafa a Ɗakin Mai Takaba

Da tsakar rana, lokacin da zafin Akokan ke tura ko akuya neman gindin bango, Attahir ya tsayar da amalanken jaki a ƙofar gida. Da gangan ya zaɓi lokacin, don ya san maƙwabta duk sun shige ɗaki. Minata na zaune bisa tabarma tana ba 'yarta Tinna nono, sai ta ji gyaran muryarsa a bayan labule.

"Minata, juya wajen bango. Za a shigo da kaya."

Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya. Ba a yi wata guda da rasuwar mijinta Akoli ba, takaba take yi. Attahir kuwa yayan mijin ne, ciki ɗaya, shi ne babba a gidan. Ko lokacin da Akoli ke da rai ba ta iya haɗa ido da shi, balle yanzu.

Ta ji ana jan abu mai nauyi a daɓe, ana nishi, ana cewa a ɗaga can a sauke nan. Da takun ƙafafun ya yi nisa ta waiwaya. Guntayen bututun ƙarfe ne jibge a jikin bango, daga bakin ƙofa har ƙarƙashin taga, an ɗora musu wasu ƙyallaye masu kauri kamar tamfal. Cikin kowane bututu wani ɓawo ya daskare, fari-fari da ratsin ruwan ɗorawa, har ya fara zuba a ƙasa. Nan take ta gane su.

Ba wanda ya zauna a Akokan da zai ce bai san kayan nan ba. Shekara arba'in da 'yan kai ana haƙo yuraniyam a ƙarƙashin garin, har aka ce ya ƙare, aka rufe ramin, aka sallami ma'aikata. Abin da ya rage shi ne toshe bakin ramin, da binne tudun dagwalon da aka tara, da binne ƙarafan masana'anta waɗanda suka sha gubar. To amma ƙarfe na da masu so. Ta bayan wayar shingen masana'antar yake sulalowa ya shigo kasuwa, maƙera su mai da shi ƙofa ko murhu ko tukunya. Shi ya sa aka sa masu awo suna bin unguwanni da wata 'yar na'ura da mutanen gari suka laƙaba wa suna gyare, saboda kukan da take yi in an kusantar da ita ga ƙarfe mai guba. Attahir dillalin tsohon ƙarfe ne, kuma ya ji labarin an kusa zuwa rumfarsa.

Minata ta matsa kusa da labule, murya ƙasa-ƙasa.

"Yaya, wannan ai kayan rami ne."

"To na ce miki na masallaci ne?"

"Marigayi ko ƙusa ba ya bari a shigo da ita daga can. Ya ce abin ba ya wari, ba ya ƙuna, amma yana cin mutum. Ga yarinya tana rarrafe."

"Akoli, Allah ya jiƙansa, tsoro ya yi masa yawa. Ni shekara nawa ina ɗaga ƙarfen nan da hannuna? Ko mura ba na yi. Kwana biyu ne kawai, masu awo su wuce in kwashe abina. Duk gidan nan ɗakinki ne kaɗai ba mai shiga."

Nan dabarar take, kuma Allah wadai da irin wannan dabara. A garin nan duk rashin kunyar namiji ba ya ɗaga labulen mai takaba. Mutuncin da aka tanada don a kare matar da ta rasa miji, shi Attahir ya ɗauka ya yi kwaɗon kulle hajarsa. Mijin kuwa huhu ne ya kashe shi, bayan shekarun da ya yi yana lebura a ramin nan, yana tarin jini a ɗakin nan, a kan gadon nan.

Kwana biyu suka wuce, sati ya wuce, ba a kwashe komai ba. Sai ma wani amalanken da ya ƙaro. Da Attahir ya lura ana iya hango ƙarafan daga lungu, ya kawo kwali da ƙusa ya toshe tagar ta waje. Ɗakin ya koma tanda. In Minata ta yi shara, ƙurar ta tashi ta rasa hanyar fita, ta dawo ta kwanta a kan gado da kwanon abinci da gashin Tinna.

Ranar da surukarta, Inna Tekna, ta leƙo duba ta, Minata ta durƙusa har ƙasa.

"Inna, don Allah ki bari in koma ɗakinki in ƙarasa takabar. Ko a bakin ƙofa ne sai in kwanta."

Tsohuwar ba ta shigo ba. Daga dokin ƙofa ta tsaya tana jan carbi.

"Inda miji ya bar mace nan take takaba. Haka uwata ta yi, haka na yi wa ubansu."

"A islamiyya an ce in mace na tsoron cuta tana iya tashi."

"Malamai su yi ta karatunsu. A gidanmu ba a taɓa yi ba, kuma ba a kanki za a fara ba. Wace cuta ma? Ƙarfe ne fa, ba kura ba."

"To ki ɗauki Tinna ta riƙa kwana wajenki."

"Yarinyar da ke shan nono? Ta hana ni barci da kuka, ga hawan jini? Haba 'yar nan. Ki yi haƙuri da yayanku. Tunda aka rufe ramin nan wa ke ciyar da gidan in ba shi ba? Tuwon da kike ci daga ƙarfen nan yake fitowa."

Ta juya ta tafi tana salati, tana karkaɗe bakin zanenta, ko da yake ba abin da ya taɓa.

Minata ba ta da kowa a kusa. Iyayenta sun rasu a Timia. Ƙanenta guda yana can wajen haƙar zinariya a arewa, inda waya ba ta shiga sai an hau dutse. Wayar Akoli kuwa Attahir ya ɗauke tun ranar sadakar uku, ya ce kayan gado ne, ba a taɓawa sai an raba.

Sai ta yi abin da za ta iya. Ta fito da zannuwan gadonta na aure ta lulluɓe ƙarafan. Ta riƙa yayyafa ruwa kafin shara. Da safe takan tura Tinna tsakar gida, amma yarinyar tun rasuwar ubanta ba ta yarda da kowa, ko minti biyar ba ta yi sai ta rarrafo ta dawo tana kuka. Kuma ba abin da ke jan hankalinta kamar bututun nan. Takan ɗaga zanen ta zura hannu ciki, ta buga, ta ji ƙara, ta yi dariya.

Wata rana Minata na sallar la'asar, ta ji ɗakin ya yi shiru. Da ta sallame ta ga Tinna zaune a gindin ƙarafan, bakinta na motsi. Ta fizgo ta, ta zura yatsa ta ƙwaƙulo ɓawon nan, ya jiƙe da yawu, wani ya riga ya wuce. Ta wanke bakin har yarinyar ta shiɗe don kuka. Daga ranar ta yagi bakin zane ta ɗaure ƙafar 'yarta a ƙafar gado, kamar 'yar akuya. Duk lokacin da ta ƙulla ƙullin sai ta ji ta tsani kanta, ta tsani gidan da duk wanda ke numfashi a cikinsa.

Gaishita, matar Attahir, ita ke kawo abinci. A bakin ƙofa take dire kwanon, ta tura shi da ƙafa ta ƙarƙashin labule. Wata safiya ƙaramin ɗanta ya biyo ta zai shiga wajen Tinna, sai Minata ta ji ƙarar mari.

"Ban hana ka ba? Ka ƙara zuwa ƙofar nan sai na karya ka!"

Minata ta ɗaga labulen kaɗan.

"Gaishita, me ya sa kika mare shi?"

"Ai... ɗakin takaba ne, ba a son yara suna damun ki."

"Da farko ai suna shigowa, har kina cewa su ɗebe mini kewa. Kin sani ke nan."

Gaishita ta sunkuyar da kai tana murza yatsu.

"Ni me zan yi, Minata? Na yi masa magana ya ce in na ƙara sai in tattara kayana. 'Ya'ya huɗu gare ni."

"Tawa guda ce."

"Allah zai tsare ta."

"Naki kuma mari ke tsare su?"

Gaishita ta juya. Ta ja hannun ɗanta ta wuce madafa.

Kafin wata na uku Tinna ta canza. Gudawa ta kama ta, ta tsaya, ta dawo. Ta fara wani busasshen tari. Kumatun nan da Akoli ke ja yana mata wasa suka zube, ta daina ƙoƙarin miƙewa tsaye, ta daina jan igiyar ƙafarta ma. Minata ba likita ba ce, ba za ta rantse cewa ƙarfen ne ba. Zafi kaɗai da rashin iska sun isa su kwantar da yaro. Amma ta taɓa jin tari a ɗakin nan, ta san inda ya kai mai shi.

Ta aika Gaishita ta roƙi a kai yarinyar asibiti. Inna Tekna ta zo ta leƙa daga nesa.

"Haƙori ne. Duk 'ya'yana haka suka yi."

Attahir kuwa da ya dawo daga kasuwa ya tsaya a bayan labule yana sakace.

"Asibiti? A je a fara tambaya ina take kwana, me take ci? Ke dai so kike ki tona mini asiri. Na samu mai saye, wani mai babbar mota daga kudu, ƙarshen wata zai zo. Ga rubutu na karɓo wajen malam, a ba ta safe da yamma. Kuma ki rage saka abu a rai, shi ke ɓata nono."

Ya zuro kwalbar ta ƙarƙashin labule. Hannunsa kaɗai ya shigo, shi ma bai daɗe ba.

Ƙarshen wata ya zo, mai babbar mota bai zo ba. Masu awo ne suka zo, da hantsi, su uku. Minata ta ji sallamarsu, ta ji Attahir na musu maraba da wata murya mai zaƙi da ba ta san yana da ita ba, har yana cewa a ɗora shayi. Ta ji suna zagaya gidan, ɗakin Inna, ɗakin Gaishita, madafa, makewayi. Ko'ina gyare shiru, sai ɗan ƙyas-ƙyas da ba a rasa ba. Takunsu ya matso, ya tsaya.

"Wannan fa?" in ji wata murya ta dattijo.

Inna Tekna ce ta amsa.

"Matar ɗana ce a ciki, Akoli. Takaba take yi."

"Innalillahi. Akoli na wajen bututu? Ashe nan ne gidansu. Mun yi aiki tare, mutumin kirki. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. A gafarce mu, Hajiya, ba mu sani ba."

Suka ɗaga hannu suka yi fatiha. Attahir ya fi kowa ƙarfin amin.

Minata ta dubi Tinna. Tana kwance a gefen gado, ido rabi a buɗe, ƙirjinta na hawa da sauka da sauri. Ta ji takun mutanen ya juya ya nufi zaure. In suka fita, ba mai ƙara tambayar ɗakin nan. Ta san abin da za a ce da ita, ta san har ta mutu ba za a daina faɗa ba. Ta kwance ƙullin ƙafar yarinyar, ta saɓa ta a kafaɗa, ta sunkuya ta kama guntun bututu guda da ɗaya hannun. Ya fi ƙarfinta, sai ta ja shi a ƙasa. Ta ture labulen da kai ta fito.

Hasken rana ya kashe mata ido. Mayafin ya zame ya faɗi, ba ta da hannun ɗauka. Ƙarar ƙarfen a daɓe ta sa mutanen suka waiwayo, suka yi saurin kawar da kai.

"La'ilaha illallahu!" Inna Tekna ta dafe ƙirji. "Ke! Koma! Koma ciki, marar kunya!"

"Baba," Minata ta ce da dattijon, "ka ce ka san Akoli. Don Allah ka auna wannan."

Dattijon bai dube ta ba. Kansa a sunkuye ya matso, ya miƙa na'urar. Tun bai kai ga bututun ba gyare ya ɓarke da kuka, babu tsayawa, har kajin gidan suka watse. Ya ɗaga labulen da bakin sandarsa ya leƙa, ya ja da baya da sauri.

"Tun yaushe kuke kwana da wannan?"

"Tun ba a yi arba'in ba."

"Da yarinyar?"

"Da ita."

Ya juya ga Attahir. Attahir ya gyara rawaninsa, ya buɗe hannuwa.

"Wallahi yau na fara gani. Kayan marigayi ne. Ni ina ni ina shiga ɗakin ƙanena, matarsa na takaba? Ashe abin da yake kwasowa ke nan. Allah ya yafe masa."

"Ƙarya ne!" in ji Minata. "Inna, a gabanki aka shigo da su. Ki faɗa musu!"

Tsohuwar ta dubi ɗanta mai rai, wanda ke kawo cefane. Ta ja carbi guda biyu.

"Wanda ya yi aiki a rami ai shi ke da kayan rami," ta ce. "Wannan ɗan kasuwa ne."

Uwa ce ta faɗi haka a kan ɗan da ta haifa, ƙasar kabarinsa ko kwanciya ba ta gama yi ba. Gaishita na bakin madafa da ludayi a hannu, ta juya ta shige ciki. Dattijon ya daɗe yana kallon Attahir, kallon da ya nuna bai yarda ba. Amma aikinsa ƙarfe ne, ba shari'a ba. Ya ce kada kowa ya ƙara shiga ɗakin, kuma a kai yarinyar asibiti yau ɗin nan.

Ko zaure ba su gama fita ba Inna Tekna ta nuna ƙofa.

"Tunda kin fito, sai ki ƙarasa fita. Kin tsaya gaban maza kai a buɗe, kin tozarta ɗana a kabarinsa. Ba ki ƙara kwana a gidan nan."

Wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a bakin layi ce ta ba ta wurin kwana a rumfarta. Daga nan Minata ta ga abin da ya biyo baya. Washegari mota ta zo da mutane cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, hanci da baki a rufe, hannu cikin safa. Da haka suka shiga ɗakin da ta yi wata da watanni tana shayar da jaririya, kuma ba wanda aka bari ya daɗe a ciki. Suka kwashe ƙarafan da gadon da zannuwan aurenta, suka fasa daɓen, suka kankare bango. Bayan sati aka zuba sabon siminti, aka yi fenti, aka sa sabuwar ƙofa. Attahir ya fasa bangon ta waje ya mai da ɗakin shago.

A unguwa kuwa ba a yi zancen ƙarfe ba. A bakin famfo da wajen niƙa zancen guda ne: matar Akoli ta fito ana tsakiyar takaba. Wasu suka ce dama idonta a tsaye yake. Wasu suka ce akwai wanda take so cikin masu awon. Maza a majalisa suka ce kai, ashe Akoli shiru-shirun nan ɓarawo ne. Ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa aka toshe tagar da kwali ta waje. Attahir na sahun gaba a masallaci, ana ba shi hannu ana masa jaje kan abin kunyar da ya same su.

Minata ba ta da lokacin jin wannan. Tana asibitin gwamnati, kan benci, Tinna a cinyarta. An yi wa yarinyar ƙarin ruwa, gudawar ta tsaya, har ta fara karɓar kunu. Ranar da za a sallame su wani ma'aikacin jinya ya sa abin sauraro a ƙirjinta ya daɗe, ya duba ido, ya duba baki.

"Ta samu sauƙi. Ki ci gaba da ba ta maganin tarin."

"Abin da ta haɗiya fa, likita? Da wanda ta shaƙa?"

Ya cire abin daga kunnensa ya ajiye bisa tebur.

"Wannan ba mu da abin ganinsa a nan. Kuma irinsa ba ya nuna kansa yanzu. Wani ba abin da ke samunsa. Wani sai bayan shekaru."

"Ita wace ce a ciki?"

"Allah kaɗai ya sani. Ki riƙa kawo ta duk shekara a duba."

"Har yaushe?"

"Har ta girma."

Tinna ta miƙa hannu tana wasa da igiyar abin sauraron. Minata ta gyara mata riga.

"In ta girma, shi ke nan ta tsira?"

Mutumin ya dubi yarinyar, ya dubi uwar. Sai ya leƙa ƙofa ya ce mai bi a layi ya shigo.